Lasa Nawa Kafin a Kai Zuma?

Akwai wani mutum manomi a wani ƙauye, sunansa Dogara. Mutumin kirki ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba, sai dai Allah ya yi shi da gaggawa. In aka kawo masa kunu ba ya jira ya huce, sai ya kurɓa ya ƙone harshe, sa'an nan ya ce mai damawa ce ta cika wuta. In ya shuka gyaɗa, kafin ta tsiro sai ya koma ya tone rami ɗaya ko biyu, wai ya ga abin da take yi a ƙasa. Ko a majami'a shi yake riga kowa cewa amin, wani lokaci ma tun mai addu'a bai sauke numfashi ba.

Matarsa ta fari ta rasu ba ta bar masa ɗa ba. Ya daɗe shi kaɗai a gida, daga shi sai awakinsa, kuma ba abin da yake so a duniya kamar ya ji wani ƙaramin baki ya kira shi Baba. Ana nan sai ya auri wata gwauruwa mai suna Rifkatu. Mijinta Tanimu ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Lidiya, yarinya 'yar shekara bakwai, siririya, mai manyan idanu da ƙarancin magana.

Ranar da aka kawo amarya, ƙanen marigayin, wanda ake kira Iliya, ya ja Dogara gefe ya ce, "Ɗan'uwa, yarinyar nan jininmu ce, ka kuwa san al'ada. Na bar ta ta bi uwarta ne don ƙanƙanta. In an kai amfanin gona gida zan zo in tambaye ta da bakinta. In ta ce za ta zauna, ta zauna. In ta yi shiru, da ita zan tafi."

Dogara ya yi dariya ya ce, "Haba, kafin gero ya fid da kai za ka ji tana kirana Baba."

Sai ya shiga aiki kamar yadda yake shiga kowane aiki, da ƙarfinsa duka. Ya sayo mata takalma. Ya sayo mata ɗankwali mai furanni. Ya ɗora ta a bayan kekensa ya zaga gari da ita har sau biyu. Kowanne sai ta durƙusa ta ce, "Na gode," idonta a ƙasa. Ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Da safe ta gaishe shi, gaisuwa cikakkiya amma ba suna a ciki. In uwarta ta tambaye ta wa ya ba ta abu kaza, sai ta ce, "Shi ne." Wannan "shi" ɗin yana sukar Dogara fiye da zagi.

Gero ya fid da kai, har ya fara ido, ba labari. Wata rana ya ce wa matarsa, "Maman Lidiya, yaushe yarinyar nan za ta saba da ni?"

Ta ce, "Maigida, ka ba ta lokaci."

Ya ce, "Lokaci nawa?"

Rifkatu ta dube shi kawai, ta ci gaba da tankaɗe.

Kasuwar garinsu ran Laraba take ci. Dogara ya lura cewa kowace Laraba da yamma, in mutane sun fara dawowa daga kasuwa, Lidiya takan sulale ta zaga bayan rumbu. Wata rana ya leƙa daga nesa. Ya ga ta miƙa hannu ƙarƙashin jinkar rumbun ta ciro wani ɗan gwangwani mai murfi. Ta buɗe, ta warware leda, ta sake warware wata, sai ga alawa mai tsinke. Tsohuwa ce, ta dushe, ta ƙanƙance, ledarta duk ta yi baƙi. Yarinyar ta lasa sau ɗaya tak, sa'an nan ta naɗe ta mayar.

Kunya ta kama Dogara har cikin ƙashi. Ya ce a ransa, yarinya a gidana tana ɓoyon ruɓaɓɓiyar alawa tana lasa kamar wadda ba ta da kowa! In Iliya ya ji wannan, me zai ce? Bai tambayi yarinyar ba, bai tambayi uwarta ba. Mai gaggawa ba shi da lokacin tambaya, gani yake ya riga ya gane.

Da Laraba ta zagayo ya tafi kasuwa da wuri, ya sayo alawa mai tsinke cike da hannu. Ya dawo lokacin da uwa da 'ya suka tafi rijiya, ya ciro gwangwanin, ya wurgar da tsohuwar a juji, ya cika shi da sababbi har murfin ya ƙi rufuwa sosai. Sa'an nan ya zauna a kan turmi yana murmushi, yana jiran ya ga farin ciki.

Da yamma Lidiya ta zaga bayan rumbu. Sai ƙara ta tashi, irin wadda Dogara bai taɓa zaton tana cikin wannan ƙaramin ƙirji ba. Ya ruga. Ya tarar ta zazzage gwangwanin a ƙasa, tana tona sababbin alawoyin da hannu biyu, tana leƙa ƙarƙashin rumbu, tana kuka tana cewa, "Ina tawa? Ina tawa?"

Rifkatu ta fito daga ɗakin girki da gudu. Da ta ga abin da ke ƙasa sai ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo Maigida, me ka yi?"

Bayan ta rarrashi yarinyar ta kai ta ɗaki, sai ta dawo ta zauna nesa da shi kaɗan, ta sunkuyar da kai, ta gaya masa. Kowace Laraba Tanimu yakan sayo wa 'yarsa alawa ɗaya daga wurin wata tsohuwa mai suna Marka, wadda take sa zuma da dabino a tsakiyar alawarta. Lidiya ba ta taɓa kaiwa ga zumar da lasa ba, kullum sai ta tauna. A Larabarsa ta ƙarshe ya miƙa mata ya ce, kada ta tauna wannan, ta lasa a hankali, in ta kai tsakiya ta gaya masa lasa nawa ne. A makon nan zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Tun daga nan take lasa sau ɗaya duk ranar kasuwa, a lokacin da ya saba shigowa gida, don kada ta ƙare.

Dogara ya ce, "Kin sani, ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Da wane baki zan yi maka zancen wanda ya riga ka, a cikin gidanka? Kai ma ba ka taɓa tambaya ba."

Gaskiya ta faɗa. A wurinsu mace ba ta kama sunan mijinta na dā a gaban na yanzu, shi ma ba ya tambaya, ana ganin hakan ladabi ne. Tun da suka shigo gidan ba a taɓa ambaton Tanimu ba ko sau ɗaya. Manya biyu suna ta kiyaye kunyar juna, yarinya kuwa ba ta da inda za ta kai ubanta sai bayan rumbu.

Ya tashi ya nufi juji da sauri. Ya tarar da akuyarsa tsaye a wurin tana motsa baki, tana kallonsa ba ruwanta. Ya tona toka da ɓawon gyaɗa har ya gaji, bai sami kome ba sai tsinken. Ya share shi da bakin rigarsa ya sa a aljihu. Bai taɓa jin nauyin wani abu kamar na wannan ɗan tsinke ba.

Daga ranar Lidiya ta ƙara nisa. Ko "shi" ɗin ma ya daina ji. In ya shigo ta fita, in yana tsakar gida ba ta cin abinci. Sababbin alawoyin Rifkatu ta rabar wa 'ya'yan maƙwabta. A gona kuwa gero yana ta nuna, kowace zangarniya da ya gani sai ta tuna masa da Iliya.

Sai dabara ta zo masa, irin dabarar masu gaggawa. Ya ce, ai abin da yarinyar take nema shi ne adadin. In na kawo mata adadin, na biya ta abin da na zubar. Ran Laraba ya nemi Marka a kasuwa. Ya same ta a gindin tsamiya da farantinta, alawoyi a tsaye cikin ƙoƙo kamar ashana.

Ya gaishe ta ya ce, "Gwaggo, tambaya ce ta kawo ni. Alawar nan taki, lasa nawa ake yi kafin a kai zumar?"

Tsohuwa ta yi dariya har tana share ido da gefen zanenta. Ta ce, "Ɗan nan, tun ba ka san hanyar kasuwa ba nake wannan sana'a. Yara sun yi mini tambayar nan ba iyaka, amma yau ne mai gemu ya fara. Ban sani ba."

Ya ce, "Ba ke kike yin ta ba?"

Ta ce, "Ni nake yi. In na kwaɓa dabino da zuma na soka a tsinke, sai in tsoma cikin narkakken sukari, in cire ya sha iska, in sake tsomawa, in sake, har ta yi kauri. Yadda na ɗora shi hawa-hawa, haka yake sauka. To, harshen wani kaushi ne, na wani laushi. Ran zafi tana saurin narkewa, ran sanyi ta ƙi. Masu ƙirgawa, in sun ga abin ya yi tsawo sai su sa haƙori. Waɗanda suka kai kuwa, in na tambaye su sai su ce sun manta. In kana so ka sani, sayi ɗaya ka gwada."

Ya saya. Da yamma ya ja turmi kusa da rumbu, ya zauna, ya fara lasa yana ƙirgawa. Bai kai talatin ba sai ya ji ƙaras, haƙoransa sun yi aikinsu ba su yi shawara da shi ba. Zumar ta gauraye da ɓarɓashi, kafin ya ji daɗinta ya haɗiye. Larabar da ta biyo ya yi nisa, sai maƙwabcinsa ya yi sallama. Kafin su gama gaisuwar gida da gona da gajiya, lissafi ya gudu. Haushi ya kama shi, ya tauna. Labari ya zaga gari cewa ƙaton mutum yana zama bayan rumbu yana lasar alawar yara. In ya wuce majalisa sai su ce, "Dogara, ko ƙuruciya ce ta dawo? In za a mai da kai goyo ne a gaya mana." Sai ya haɗiye maganar ya wuce. Shi da ba ya iya jiran kunu ya huce, ga shi kowace Laraba yana kokawa da abin da bai kai ƙwan zabuwa ba, abin kuma yana kayar da shi.

Lidiya tana gani. Da farko daga ƙofar ɗaki take leƙe. Daga baya ta riƙa kawo 'yar tasarta ta zauna a inuwar katanga tana ɓarar gyaɗa, ta juya masa baya, amma kunnenta yana wurinsa. Duk ranar da ta ji ƙaras, sai hannunta ya tsaya kaɗan, sa'an nan ta ci gaba.

Aka yanke gero, dawa ta sunkuya. Wata Laraba Dogara ya zauna ya yi ta lasa har harshensa ya fara zafi. Alawar ta ƙanƙance, ta yi garau, har yana iya hango duhun dabinon a cikinta kamar inuwa. Ga abu kusa, saura ƙiris. Muƙamuƙinsa ya fara motsi.

Sai ya ji wata 'yar murya a bayansa ta ce, "Kada ka tauna."

Ya daskare, alawa a hannu. Bai waiga ba don kada ta gudu.

Ta ce, "In an ga inuwar nan, a nan kowa yake taunawa."

Ya ce a hankali, "Wa ya gaya miki?"

Sai Dogara ya yi abin da ba a taɓa yi a gidan ba. Ya ce, "Babanki ne? Tanimu?"

A ɗakin girki muciya ta tsaya cak a hannun Rifkatu.

Ya ce, "Yaya yake yi? Koya mini, ni ban iya ba."

Yarinyar ta matso taku biyu. Ta ce, "Juya tsinken yake yi. Kai gefe ɗaya kake lasa."

Ya juya tsinken ya ce, "Haka?"

Ta ce, "Haka." Sai ta ƙara da cewa, "In ya dawo daga kasuwa fito yake yi tun daga bakin rafi, don in ji in fito."

Ya ce, "Sai me?"

To, kamar an cire toshiyar kwata bayan ruwan sama, magana ta ɓalle. Ta gaya masa yadda ubanta yake ɗora ta a wuya ta tsinko mangwaro. Ta gaya masa Inna yake kiranta, domin sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta gaya masa yana da farce ɗaya da fartanya ta fasa, bai sake fitowa daidai ba, shi take riƙewa in za su majami'a. Ta gaya masa ranar da aka fita da shi an ce mata ta shiga ɗakin maƙwabta, ba ta ga lokacin da aka wuce ba. Tana magana tana kuka, tana share hanci da bayan hannu, tana ci gaba. Dogara yana saurare, yana juya tsinke yana lasa bai ma san yana yi ba, hawaye suna gangarowa cikin gemunsa. Bai ji kishi ba ko kaɗan. Tausayi ya ji, da kunyar daɗewar da ya yi bai tambaya ba.

Yana cikin haka sai wani zaƙi dabam ya sauka a harshensa, mai laushi, mai ƙamshin dabino. Ya tsaya ya dubi tsinken.

Lidiya ta ce, "Ka kai?"

Ya ce, "Na kai."

Ta zaro ido ta ce, "Nawa ne?"

Ya lalubi kansa, ba kome. Ga yarinya tana jiran amsar da ta daɗe tana nema, ga Iliya yana tafe. Da ya kama kowane adadi ya faɗa, da ta gaskata, ba kuwa wanda zai ƙaryata shi. Har maganar ta zo masa baki. Amma ya mai da ita ya ce, "Ban sani ba, Lidiya. Ina sauraronki, lissafin ya ɓace mini."

Ya jira ta juya ta tafi. Ta daɗe tana kallon tsinken da ke hannunsa, sa'an nan ta ce, "To, sai a sake ran Laraba."

Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro tsohon tsinken nan da ya tsinta a juji, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce, "Wannan naki ne. Ni na zubar, ban tambaye ki ba. Na yi miki laifi, ki gafarta mini."

Ba ta ce ta gafarta ba, ba ta ce ba ta gafarta ba. Ta karɓa, ta zaga ta ciro gwangwaninta, ta sa shi a ciki ta rufe.

Tun daga nan alawa biyu yake sayowa. Su zauna, shi a kan turmi, ita a kan ɗan dutse, su fara ƙirgawa tare da gaske, amma ba su taɓa kai lissafin ƙarshe ba. Yau labarin Tanimu ya ɗauke su, gobe labarin akuyar nan marar kunya. Wata rana ma ita ce ta yi ƙaras, suka dubi juna suka fashe da dariya har Rifkatu ta leƙo.

Da aka kai dawa gida, Iliya ya aiko cewa yana tafe. Da safiyar ranar Dogara ya kasa zama wuri ɗaya. Ya tashi ya nufi inda yarinyar take shara, da nufin ya gaya mata abin da za ta ce, ko ya roƙe ta, ko ya yi mata alkawarin wani abu. Har ya buɗe baki, sai ya ji muƙamuƙinsa yana irin motsin nan da yakan yi in inuwar dabino ta bayyana. Ya rufe bakinsa ya koma ya zauna.

Iliya ya iso, aka shimfiɗa masa tabarma, ya sha ruwa, aka gaisa. Sa'an nan ya kira yarinyar ya ce, "Lidiya, za ki bi ni gidan kakanninki, ko za ki zauna a nan? Faɗi abin da ke ranki, ba wanda zai yi fushi."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Shiru ya yi tsawo. Dogara ya san ma'anar shirun, amma ya danne harshensa. Rifkatu ta juya fuskarta ga bango. Iliya ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa hannu ya jawo takalmansa.

Sai yarinyar ta ce, "Baba Iliya, ba mu gama ƙirgawa ba."

Ya ce, "Ƙirga me?"

Ta ɗaga kai ta dubi Dogara ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ni da shi muka sani. Zan zauna."

Iliya ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ajiye takalmansa ya ce, "To, na ji da kunnena."

Ko a ranar nan "shi" ta ce. Baba ya zo daga baya. Da Dogara ya tsufa, in aka tambaye shi yaushe Lidiya ta fara kiransa Baba, sai ya ce bai sani ba. Wata rana ce kawai ya lura ya daɗe yana amsawa.

Ma'anar wannan misali ita ce, alawar nan zuciyar mutum ce. Zumar da ke tsakiya ita ce amincewa da ƙauna, wadda Allah ya sa a cikin kowane ɗan adam tun da ya yi shi. Taurin da ya kewaye ta kuwa ba a rana ɗaya ya hau ba. Rashi ne, da tsoro, da baƙar magana, da alkawaran da aka karya, kowanne ya ɗora nasa. Abin da ya hau hawa-hawa, hawa-hawa yake sauka. Harshe shi ne alherin yau da kullum, gaisuwa, da tambaya, da zama a saurara. Haƙori shi ne tilas, ko da tilas ɗin ta zo da kyauta a hannu. Ku lura, Dogara bai zubar da alawar yarinyar don mugunta ba, don ƙauna ya zubar. Ɓarnar da ake yi a gidajenmu, mai yawa ta masu ƙauna ce waɗanda ba su tsaya sun yi tambaya ba.

Kowane ɗayanmu yana da Lidiyarsa. Wani ɗansa ne da ya daina zuwa sujada. Wata mijinta ne da ta yi shekara da shekaru tana yi masa addu'a. Wani ɗan'uwansa ne da suka ɓata a kan iyakar gona, yana gaishe shi yana amsawa da hanci. Sai mu zo gaban Ubangiji da tambayar Dogara, lokaci nawa? Sau nawa zan je? Addu'a nawa ta rage? Ba za a ba ku adadi ba. Da an ba ku, da adadin za ku riƙa kallo, ba mutumin ba. Wanda yake ƙirga alherinsa ya riga ya fara gajiya da shi, kuma ranar da lissafin ya yi masa tsawo zai sa haƙori, ya ce ai na yi iyakar ƙoƙarina.

Ku kuma riƙe maganar yarinyar nan. Ba a farko ake taunawa ba, a kusa da ƙarshe ne. Ranar da ɗan nan ya fara zama ya ci abinci tare da ku, a ranar za ku so ku zazzage masa wa'azin shekara goma. Ranar da ɗan'uwan nan ya fara amsa gaisuwa da fara'a, a ranar za ku so ya yarda shi ne mai laifi. In kun ga inuwar, a nan za ku fi bukatar alherin Allah ya riƙe muku baki.

In kuwa abin ya yi muku nauyi, ku tuna wanda ya fara zama a bayan rumbunku. Shekara nawa Ubangiji ya yi yana zuwa wurinku, kuna gaishe shi da baki, kuna kiransa "shi" a zuciya? Bai fasa ƙofarku ba, bai kuma taɓa kawo muku lissafin zuwansa ba. Ya zauna, ya saurari kukanku, ya jira har kuka kira shi Uba da kanku. Da ya sa mana haƙori, da wa zai rage a cikinmu?

Saboda haka in kun koma gida yau, kowa ya nemi wanda ya gaji da jiransa, ya je ya zauna kusa da shi, ya tambaye shi abin da bai taɓa tambaya ba. In kun ji muƙamuƙi ya fara motsi, ku tuna da 'yar muryar nan daga inuwar katanga. Kada ka tauna.